Baba Sannu da 'Yar Japan

Motar ta mutu karo na uku a hawan da ke bayan makarantar firamare, ta fara silalewa baya. Kafin ƙafata ta lalubo birki na ji mun tsaya cak. Baba Sannu ne ya taka nasa birkin, wanda aka dasa masa a gefen mai zaman banza tun shekarun da ya fara koyar da tuƙi.

"Ba ita ta mutu ba," ya ce. "Ke kika kashe ta. Kuloci ana sakinsa ne kamar za ki kwantar da jaririn da ya yi barci a hannunki."

"Baba, ƙafata ce ke rawa."

"Bar ta ta gama rawarta. Ba wanda ke jiranmu."

Daga kujerar baya matarsa Inna ta yi magana, idonta a kan titi. "Ga wani mai baro can yana hawowa ta hagu. Ya yi lodi kamar zai bar garin."

Muka jira mai baro ya wuce. Na murɗa makulli, motar ta tashi a bugu ɗaya kamar ba ita na wulaƙanta sau uku ba. A karo na huɗu muka haye.

Ni tela ce. Shagona shi ne ɗakin gaba na gidanmu, tagarsa tana kallon rumfar kwanon da Baba Sannu yake ajiye motarsa, titi ne kawai a tsakaninmu. Shekara goma sha tara ina ganinsa kullum da safe ya fito da bokiti da tsumma, ya ɗaga gaban motar, ya zaro sandar auna baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ban taɓa tunanin zan zauna a bayan sitiyarinta ba. Amma wata bakwai kafin wannan ranar maigidana ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Asibiti suka ce sai an riƙa kai shi motsa jiki sau uku a mako. Babbar 'yarmu tana aure a nesa, ƙaramar tana makarantar kwana. Motarsa tana tsakar gida a lulluɓe da tamfol, ni kuma ina bakin titi ina tsayar da tasi, direbobi suna hango mutum a keken guragu sai su ƙara wuta. Ranar da wani ya sauke mu a rabin hanya saboda maigidan ya yi amai a kujera, na dawo gida na kwantar da shi, ko mayafi ban cire ba na tsallaka titi.

Baba Sannu ya saurare ni har na gama. Ya ce shekara biyu ke nan da ya daina ɗaukar ɗalibai. Sai ya juya wajen Inna, tana zaune a kan tabarma tana ninke wanki.

"Koya mata, Malam," ta ce. "Ni ma zan riƙa bin ku. Zaman gidan ya ishe ni."

Ya juyo wajena. "To. Amma a motata za ki koya, ba a ta mijinki ba. Gobe ƙarfe tara. Ki sa takalmi marar tsini."

A layinmu ba wanda ke kiran motar da sunan kamfaninta, 'Yar Japan ake ce mata. Shi kuma ɗalibansa ne suka laƙaba masa Sannu, don duk ɓarnar da mutum ya yi a kan sitiyari ba ya tsawa, abin da zai ce kawai, "Sannu, sannu." Sunan ya bi shi har jikokin maƙwabta ba su san yana da wani ba.

Motar fara ce a da. Shekara talatin da ɗaya na rana sun mayar da ita kalar haƙorin tsoho. Kujerun gaba tawul ne a shimfiɗe a kansu, rediyonta tasha ɗaya take kamawa, madubin hagu kuma ba nata ba ne. Amma ba abin da ke ƙara ko girgiza a cikinta. Ya taɓa nuna min lambobin da ke ƙasan agogon gudu, sun haura kilomita dubu ɗari shida. Ya ce sau ɗaya aka taɓa buɗe cikin injinta, shi ma bakanike ya duba ya ce da an bar shi da ya fi.

Bayan kowane darasi mukan tsaya a inuwar wata bishiya a gefen filin ƙwallo don ƙafata ta huta. A nan yake labari.

"Lokacin da irin waɗannan suka fara shigowa, ina direba a wani kamfanin gine-gine," ya ce min wata rana. "Dariya ake musu. Gwangwanin madara ake kiransu. Mutum zai ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa ya ce, ji fa, iska mai ƙarfi ma ta ishe ta. A wancan zamanin mota sai mai nauyi, wadda in ka rufe ƙofarta za ka ji kamar an kulle ka a kurkuku. Ni ma na yi dariyar, har da riƙe ciki. Sai aka sayo wa ofishinmu guda biyu. Shekara ta zagayo, manyan suna kwana a gareji ana jiran kayan gyara, gwangwanayen suna kan hanya. Tun daga nan na kama bakina. Da na bar aiki, irinsu na nema."

"Ya fi kula da ita a kaina," in ji Inna.

"Ita ba ta mayar da magana." Ya shafa gefen sitiyari. "Tela, kin san da me masu ƙera ta suka fara? Injin saƙa. Tufafi. 'Yan'uwanki ne. Shi ya sa nake ce miki ki saurare ta kamar yadda kike sauraron keken ɗinkinki. In sauti ya canza, zare ya harɗe a wani wuri."

"A ina ka ji wannan, Baba?"

"A wata mujalla da ya tsinta a shagon aski," Inna ta amsa. "Shekara talatin yana ba da labarin, ko waƙafi bai canza ba."

Muna nan wani direban tasi da ake ce wa Dogo ya tsaya kusa da mu, ya leƙo ta taga ya gaishe su.

"Baba, har yanzu ba ka sayar min da tsohuwar nan? In ba ka tawa in ƙara maka da wani abu. Tawa fa ta fi ta kyau."

"Taka ta fi ta ciwo dai. Muryar wane ne wannan, Dogo ne?"

"Ni ne, Baba."

"Har yanzu kana ɗora ƙafa a kan kuloci kana tafiya. Tun daga kwana na ji ka."

Dogo ya yi dariya ya ja motarsa. A lokacin ban lura da cewa ya tambayi muryar wane ne ba, alhali mutumin yana tsaye taku biyu daga fuskarsa.

A mako na uku babban ɗansu ya zo. Injiniya ake ce masa, yana aiki a ɗaya gefen gari, yana zuwa duk ƙarshen mako a wata baƙar mota mai tsayi. Ina kan keke ina haɗa hannun riga na ji muryarsu daga rumfa.

"Likita ya ce ka huta, Baba. Ya ce zuciyarka ba ta son wahala. Wannan shi ne hutun?"

"Zama nake yi. Ita take tuƙi."

"Ka ba ni makullin in ajiye."

"Ka ajiye ka yi me da shi?"

Injiniya ya juya ya fita daga rumfar. Duk layin ya san labarinsu. Yana da shekara goma sha bakwai uban ya fara koya masa, ya goga ƙofar motar a jikin ginshiƙin rumfa. Baba Sannu, wanda bai taɓa ɗaga wa ɗan wani murya ba, ya fito ya zage shi a gaban abokansa. Yaron ya ajiye makulli a kan kujera, bai ƙara zama a bayan wannan sitiyarin ba. Sai da ya fara aiki ya koyi tuƙi a wani wuri, a irin motocin da ke canza giya da kansu. Suna gaisawa, yana kawo musu magani da kayan abinci, amma in ya zo nesa da rumfar yake ajiye motarsa.

Kafin ya tafi ya tsallako shagona. Ya gaishe ni, ya tambayi jikin maigida. Sannan ya ce, "Yaya, akwai makarantun koyon tuƙi a gari. Zan iya haɗa ki da ɗaya."

Na ce masa na gode, zan yi tunani. Ban yi tunanin ba. Na riga na fara iya ribas, kuma makarantun ba za su jira in gama wanke maigida in ba shi abinci kafin a fara darasi ba. Washegari ƙarfe tara na tsallaka titi kamar kullum.

Ranar Talata ta mako na biyar ya ce lokacin babban titi ya yi. Har zuwa ranar iyakata layukan unguwa da filin ƙwallo. Muka fita, na bi gefen dama ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, manyan motoci suna wuce mu suna hon. Inna tana ta surutunta a baya. Ga mai babur ya matso, ko ina yake sauri. Dubi waccan motar ta kunna fitilar juyawa. Ashe an sa sabon tudun rage gudu a gaban kantin magani. Shi kuma yana cewa rage, ƙara, ba ta giya ta uku.

Mun juyo za mu koma sai na ji ya daɗe bai ce komai ba.

"Malam?" in ji Inna.

Na saci kallonsa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, hannunsa na dama yana dafe da ƙirji, bakinsa ya yi fari.

"Idonki a kan hanya," ya ce. Muryar ta yi ƙasa amma ba ta rawa. "Ba gida za mu ba. A mahaɗar gaba ki yi hagu."

"Baba, in tsaya in nemi tasi."

"Kin san halin tasi. Yi hagu."

Hanyar asibiti ta nan sai an bi ta babban shataletale, inda tituna biyar suke haɗuwa. Ko a ƙafa ba na son wurin. Ya rufe ido, ya jingina kai da kujera, ya janye ƙafarsa daga birkinsa ya naɗe ta a ƙarƙashin kujera. Na ga lokacin da ya janye ta.

"Injin na kuka. Ba ta huɗu."

Na ba ta. Inna ta matso gaba har ina jin numfashinta a kunnena, ta daina wasa da maganar. "Babbar mota a hagu. Jira. Jira. Bayanta akwai fara. Ta wuce. Babu kowa."

"Shiga," ya ce. "Biyu. Kar ki tsaya a tsakiya, ko me aka yi miki."

Na shiga. Wani ya danna hon a bayana bai saki ba, wani mai babur ya gifta ta gabana yana zagi. Ban tsaya ba. Na ƙirga hanyoyi, ta uku na fita. Daga nan miƙaƙƙe ne, sai fitilar kan hanya guda biyu, duka muka same su kore. A ƙofar sashen gaggawa na taka birki da ƙarfi har Inna ta bugi kujerata, na manta kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu.

"Birkin hannu," ya ce, idonsa a rufe.

Na ja. Ma'aikata suka fito da gadon turawa.

Mun fi awa biyu a kan benci a baranda ni da Inna. Na kira maƙwabciyarmu ta leƙa min maigida, na kira Injiniya. Inna tana riƙe da hularsa da takalmansa a cinya. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ba ya gani, 'yar nan."

Na zaci maganar yanzu take yi.

"Shekara biyu ke nan. Daga nan zuwa ƙofar can ba ya gane fuska. Inuwa yake gani, sai haske. Shi ya sa ya daina ɗaukar ɗalibai. Ba wanda ya sani sai ni da likitan ido. Ko ɗansa bai sani ba."

"To duk wannan fitar da muke yi?"

"Hanyoyin yana da su a ka. Motar kuma da kunne yake jin ta. Abin da ke motsi ne nawa."

Na tuna hawan bayan makaranta, da yaran da ke fitowa tara da rabi su tsallaka titi a guje. Na tuna duk ranakun da na saki jiki saboda na san akwai birki na biyu da ido na biyu a gefena.

"Inna, da mun take ɗan wani fa?"

"Na sani. Ganganci ne, kuma ni na ce ya koya miki. Ranar da kika shigo na ga fuskarki, na ga tasa. Wata ashirin da huɗu yana wanke motar da ba ya fita da ita." Ta juya hular a hannunta. "Ban ce mun yi daidai ba."

Muka ci gaba da zama har Injiniya ya iso da sauri, rigar aiki a jikinsa. Ya shiga wajen likita ya fito. Ya ce an ce da an ƙara minti goma sha biyar da sai dai wani labarin. Ya yi min godiya yana kallon ƙasa. Da yamma ni na mayar da motar gida, ni kaɗai a ciki, na shigar da ita rumfa a karo na biyu bayan na farko ya karkace.

Kwana shida Baba Sannu ya yi a asibiti. Suka sallame shi da jakar magunguna, likita ya gaya wa Injiniya a gefe cewa zuciyar ta gaji, a bar shi ya huta a gida. Aka matsar masa da gado kusa da tagar da ke kallon titi.

Ni kuma na yaye tamfol daga motar maigida. Bakanike ya zo ya canza batir da baƙin mai, na je na yi gwaji aka ba ni lasisi. Ranar farko da zan kai maigida asibiti da kaina, na zaunar da shi, na ɗaura masa bel, na naɗe keken na sa a but. Ya dube ni, da rabin bakinsa da ke motsi ya ce, "Direba." Ita ce kalma mafi tsawo da ya faɗa a wannan makon.

Da muka dawo Inna ta tsallako. "Malam ya ce in gaya miki kin cika ba ta wuta kafin ki saki kuloci. Ya ce tun daga gado ya ji."

Kwana goma ban shiga na gaishe shi ba. Ina aika abinci, ina tambayar Inna jikinsa, amma ban shiga ba. A rana ta goma sha ɗaya na gama wani ɗinki da wuri, na tsallaka. Ɗakin yana warin man zafi. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, an tara masa matasai uku a baya don ba ya iya kwanciya sosai.

"Tela ce," ya ce tun ina bakin ƙofa. "Takunki."

Na gaishe shi na zauna a kan kujerar roba.

"Inna ta gaya miki."

"Ta gaya min."

"Kin ji haushi."

"Na ji, Baba."

"Daidai ne. Ni ma da ɗalibina ne ya yi haka da na ƙwace lasisinsa." Ya yi numfashi sau biyu kafin ya ci gaba. "Na ce a raina mako ɗaya zan yi in ce miki na gaji. Sai na ji yadda kike sauraron injin. Na kasa bari. Son kai ne, ki yafe."

Na ce na yafe. A lokacin ban tabbatar ba, amma na faɗa.

"Yaya motar mijinki?"

"Tana tafiya. Kulocinta ya fi tauri."

"Ba 'yar Japan ba ce. Ba laifinta ba ne, ba ita ta zaɓi iyayenta ba." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Inna ta ba shi ruwa. Da ya lafa ya ce in riƙa duba iskar taya duk Asabar, kuma kar in yarda kowane bakanike ya ce zai buɗe injin sai na ji daga bakin mutum biyu. Daga nan ya fara gyangyaɗi, na tashi na fito.

Ya rasu ranar Alhamis ta makon da ya biyo, wajen ƙarfe goma na safe. Ba na nan. Na dawo daga asibiti da maigida na tarar da takalma a ƙofar gidansu har kan titi. Sai da na shigar da maigida na kwantar da shi sannan na tsallaka. Inna tana zaune a ƙasa a jikin bango, mata sun kewaye ta. Ta ce ya sha rabin kofin shayi, ya ce a buɗe masa taga zafi ya yi yawa. Ta buɗe, ta fita ta kai kofin. Da ta dawo ya tafi. Ta faɗa min sau biyu, duka da kalmomi iri ɗaya.

Aka kai shi makwancinsa kafin yamma. Kwanakin da suka biyo layinmu bai taɓa ganin motoci haka ba. Direbobin tasi, direban motar asibiti, wata mata mai tuƙa motar ɗaukar 'yan makaranta, wani tsoho da ya ce shi ne ɗalibinsa na biyu. Tagar shagona a buɗe take, ina jin hirar mazan da ke zaune a gaban rumfa. Sukan fara da Allah ya jiƙansa, kafin a jima hira ta koma kan mota. Wani ya ce irin wannan ya yi shekara ashirin da ita, ya sayar, har yau in ya gan ta a hanya sai ya ɗauke kai. Wani ya ce tasa ta taɓa nutsewa a ruwa har taga, aka jawo ta aka shanya kwana uku ta tashi. Wani ya ce ai na yanzu duk kwamfuta ce, ba a gyara su da kunne. Bakanike ya ce shekara ashirin da biyar yana duba wannan motar, in da duk abokan cinikinsa irin Baba ne da tuni ya koma sayar da lemo.

A rana ta uku na ji Dogo ya rage murya yana tambayar bakanike ko iyalan za su sayar. Injiniya yana bayansu yana tattara kujeru.

"Ba ta sayarwa ba ce," ya ce, ya ci gaba da tattarawa.

Bayan wasu watanni aka yanke shawarar Inna ta koma gidan Injiniya. Ƙafafunta sun fara ba ta wahala, gidan kuma ya yi mata girma. Ranar Asabar aka zo da motar kaya aka kwashe gado da kabad da tukwane. Inna ta shigo ta yi sallama da maigida, ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce in riƙa leƙo ta, tunda yanzu ba ni da hujjar rashin mota. Matar Injiniya ta tafi da ita a baƙar motar.

Ina shirin komawa kan keke sai ga Injiniya a ƙofar shago, makulli a hannunsa.

"Yaya, wata alfarma nake nema. Na so in kira bakanike ya kai min ita, sai Inna ta ce ke." Ya dubi makullin. "Ni ban iya mai kuloci ba."

Na sa takalmi na fito. Bakanike yana zuwa yana tayar da ita lokaci-lokaci, don haka ba ta yi gardama ba. Injiniya ya buɗe gefen mai zaman banza ya zauna a kan tawul ɗin. Ya rasa inda zai sa ƙafafunsa saboda birkin da ke wurin, ya karkatar da su gefe ɗaya kamar mai zama a gidan surukai.

Mun yi nisa yana min kwatancen hanya. Da muka hau babban titi na ga yana kallon hannuna a kan giya.

"Ta yaya kike sanin lokacin canzawa?"

"Sauti. In ta fara kuka."

Ya kasa kunne yana saurare. Bayan fitilar kan hanya, da na tashi daga tsaye, ya ce a hankali, "Yanzu?"

"Saura kaɗan. Yanzu."

Na sa biyu. Ya gyaɗa kai. A fitila ta gaba ya sake cewa yanzu, ya yi daidai, na canza.

Gidansa yana da faɗin tsakar gida da aka shimfiɗa wa siminti. Ya riga ya sa an share wuri a ƙarƙashin rumfa, kusa da baƙar motar. Na shiga da ribas, na daidaita, na ja birkin hannu, na kashe. Na miƙa masa makulli. Ya ce in shiga in sha ruwa, matarsa za ta mayar da ni gida.

A bakin ƙofar falo na tsaya cire takalmi, na waiwaya. Yana tsaye a gaban motar, tafin hannunsa a kan murfin injin. Ƙarfen yana hucewa, yana ƙara ƙas, ƙas, tazarar tana ƙaruwa. Bai ɗauke hannun ba.